Asabar ta hazo, da muryar ƙanenmu da ta dushe

Yau Maradi ta tashi da hazo sosai, tun da na hito alwalar asuba na ji iskar nan mai busar da hanci, ko bedin ƙofar gidanmu da ƙyar ake hango shi. Hunturu ba ya ma mai waƙa daɗi ko kaɗan, balle irinmu masu kiɗan metal, kiɗan gita da ganguna mai ƙarhi da ake waƙarshi da kururuwa da gurnani, da aikinmu duka bisa maƙogwaro yake, ƙura ta shiga, iska ta bushe, ka tashi ka ji wuyanka wani iri tun ba ka ce uffan ba.

Abin da nake fara yi kullum shi na yi. Na zauna bakin katifa na ja wata siririyar murya can sama, iiii, a hankali sosai yadda ko na kusa da ni ba zai farka ba. In ta hito tsab to lahiya lau, in kuwa sai iska ta riga sauti hitowa ko ta riƙa yankewa to akwai kumburi, ranar nan babu gurnani ko da kuɗi za a ba ni. Yau ta hito, alhamdu lillahi. Na tafasa ruwa na juye a kwano na lulluɓa da zane ina shaƙar tururin, ruwa zalla ba na sa mishi komi. Inna ta leƙo ta ce "kai dai da ka sha citta da zuma da lemun tsami ai da ka huta da wanga turare", na ce Inna zan sha, kuma na sha ɗin don yana da daɗi yana ɗumama jiki. Amma abin da ka haɗiye ba ya bi ta kan igiyoyin murya, hanyar abinci daban hanyar iska daban, ranar da ɗigon ruwa ya kuskure ya bi ta can ai ƙwarewa mutum yake yi har da hawaye. Ruwan sha sai ya zaga jiki tukuna amfaninshi ya iso wurin, shi ya sa ake shan shi tun sahe a yi ta sha kaɗan kaɗan, ba wai ka hau dandali sannan ka kwankwaɗi leda biyu ba. Tururi ne kawai ke isa kai tsaye tunda shaƙarshi ake.

Daga nan na sa ɗan bututun roba na shan lemu cikin gorar ruwa ina hura murya ciki, ruwan na ɓulɓul, in hau sama in sauko ƙasa. Minti kaɗan ne amma bayan shi magana ma sauƙi take yi.

Na tahi shago wajen babbar kasuwa. Ciniki dai shiru shiru, rezo ma yau sai a hankali.

Wajen hantsi sai ga ƙanen mai buga mana ganguna ya shigo, yaron da kullum in muna gwaji shina zaune a gehe ya zuba mini ido. Ya yi sallama ban ji ba sai da ya taɓa ni. Wallahi raina ya ɓaci da na ji abin da ya rage na muryarshi, iska ce kawai ke hita. Cikin raɗa ya ce "Yaya, jiya na gwada irin naka." Ashe shi da abokanshi sun shige wani kango bayan unguwa da waya a hannu suna ta kwaikwayon wani bidiyo tun la'asar har magariba, wai ana gasar wanda ya hi ƙara, kuma wani cikinsu ya ce musu sai ka ji ɗanɗanon jini a baki sannan murya ta buɗe. Wannan magana ita ta hi ƙona mini rai, don ba yau na fara jin ta ba, kuma ƙarya ce mai lahanta yara. Jini a maƙogwaro rauni ne, babu wata buɗewa a ciki.

Na ce ƙanena zauna, kuma daga yanzu kar ka sake yi mini raɗa. Ya yi mamaki don shi a ganinshi raɗa lallaɓa murya ce. Raɗar da ake matsawa don a ji ka tana ƙara gajiyar da wurin, gara ka yi shiru gaba ɗaya, in ta kama dole ka yi magana a hankali da muryarka ta gaskiya, gajeruwa. Na hana shi yawan gyaran murya ɗin nan na ehem ehem, don duk sanda ka yi shi kana gwara wurin da ya riga ya kumbura ne, in ya ji ƙaiƙayi ya kurɓi ruwa ya haɗiye. Na ba shi takarda da biro na ce yau da wannan za ka yi hira.

Sai na zana mishi abin a bayan kwalin waya, don na lura in yaro bai ga yadda abu yake ba ba ya jin tsoron ɓata shi. Cikin maƙogwaro akwai wasu ƴan tsoka biyu masu laushi, su ne igiyoyin murya, tsawonsu bai kai gaɓar yatsa ba, in iska ta taso daga huhu sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa, a namiji babba in yana magana kamar sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa guda, a mace wajen 200. To ka duba abu mai laushi haka mai bugun juna da wanga sauri, sannan ka matse shi ka turo iska da iya ƙarhinka sa'o'i. Farko kumburi, in aka ci gaba sai wurin ya yi kanta, wani lokaci jijiyar jini ta fashe a ciki, wasu sai an kai ga aikin likita. Amma a saman waɗannan akwai wasu naɗe biyu masu kauri da ba su ake magana da su ba, aikinsu rufe hanya in za ka haɗiye abu ko za ka yi yunƙuri. Gurnanin da ake ji a metal, mai kyan, yawanci daga su da sauran naman da ke sama yake hitowa, su ke kaɗawa su ba da wannan ƙazantar sautin, igiyoyin gaskiya kuwa suna ƙasa ba a shaƙe su ba. Kamar ɗan zaren nan da ake ɗaurawa bisa fatar ganga ne, shi ke ba ta zizar da ake so, ba sai makaɗi ya fasa fatar da duka ba. Mutanen Tuva can ƙasar Rasha da waɗannan naɗen na sama suke wata waƙarsu ta gargajiya mai zurhin gaske, tun kaka da kakanni, kuma suna tsufa da muryarsu.

Ya rubuta a takarda wai to su manyan ai ba sa jin komi. Na ce wa ya gaya maka. Matt Heafy na ƙungiyar Trivium a Amurka muryarshi ta mutu a 2014 har sai da suka soke wasanni, ya koma wurin malamin murya ya sake koyo daga tushe, mutumin da ya yi shekaru yana zaga duniya da wanga aiki. Akwai wata malama a Amurka, Melissa Cross, da tun 2005 ta hitar da bidiyon koyar da kururuwa ba tare da an ji ciwo ba, manyan mawaƙan metal da yawa sun bi ta hannunta. Kuma in ƙarhin ƙirji ne ke yi, ya za a yi da Angela Gossow, Bajamushiyar da ta yi shekaru tana ja ma ƙungiyar Arch Enemy gaba har 2014, mace ce ba wata ƙatuwa ba amma in ta yi gurnani sai tsikar jikinka ta tashi. Mu ma nan ba sai mun je nesa ba, je tasha ka saurari tsofaffin ƴan kamasho masu kiran Zinder Zinder, Konni Konni tun suna samari, da yawansu muryar ta dushe ke nan har abada, ko a gida da ita suke magana. Ni tausayi suke ba ni don neman abinci ne ya ja musu kuma babu wanda ya taɓa nuna musu wata hanya. Shi kuwa yaron ga babu abin da ya tilasta shi.

Bayan la'asar muka haɗu wurin gwaji, wani ɗaki ne cikin lambu ta wajen gulbi da muka jingina ma tsofaffin katifu a bango. Na ɗaure hanci da baki da rawani bisa kabu-kabu saboda ƙura. Yaron ya biyo mu da takardarshi.

Ban taɓa fara gurnani da sanyin murya ba, sai na yi ta kaɗa leɓe brrr ina hawa ina sauka, na yi waƙa ta lahiya lau tukuna, don wanda bai iya riƙe murya mai tsabta ba ba shi da abin da zai ɗora ƙazanta a kai. Sannan na nuna mishi mafarin, ko da yake yau kallo kawai zai yi. Ajiyar zuciya ce irin ta wanda ya gaji liƙis, haaah, ka sake ta ƙasa ƙasa da muƙamuƙi a sake, har ka ji wani abu na kaɗawa can sama da inda kake jin muryarka ta kullum. Na kama hannunshi na ɗora a haƙarƙarina don ya ji yadda suke buɗewa in na ja numfashi kuma ba sa ruftawa da sauri in ina hitar da shi, ciki ne ke riƙe iskar yana sakinta da awo, kafaɗa ba ta motsi, jijiyoyin wuya ba sa tashi. In ina son mai zurhi sai in zagaye baki kamar zan ce o in bar wuri a ciki, in ina son mai tsini in buɗe baki gehe da gehe in ɗaga harshe, amma iskar ɗaya ce ban ƙara mata komi ba. Mai koyo zai ji ɗan ƙaiƙayi ko tari a farko, sai ya tsaya ya sha ruwa ya huta. Zafi ko suka ko jin kamar ana kankare wurin, wannan tsayawa ake yi nan take, ba jarumta a ciki. Kuma minti kaɗan ake yi a rana a farko, a hankali ake ƙarawa cikin watanni.

Muna cikin haka sai ga dattijon da ke da lambun kusa ya yi sallama. Muka kashe komi muka gaishe shi. Ya ce "samari lahiya dai ko, na ji kamar ana yanka wani abu." Na ce lahiya lau Baba, waƙa ce muke koyo, ku yi haƙuri in mun dame ku. Na aje mikro na yi mishi layi guda da baki kawai, ya tsaya ya dube ni ya ce "a'a, iyakarta ke nan?" Don gaskiya ba ta wuce ƙarar magana mai ɗan ƙarhi ba, sauran duk aikin mikro da ampili mai ƙara sauti ne. Na ji daɗin da aka yi haka gaban yaron, na ga idonshi ya buɗe, don su jiya so suke su hitar da ƙarar sifika da naman wuyansu. Baba ya ce shi dai a zamaninsu a filin kokowa ya san masu kirari da ke kwana suna yi murya ba ta dushe ba, da kuma waɗanda rana guda ke gamawa da su, ya ce mu rage in an kusa kiran salla, muka ce insha Allah, ya tahi.

Abin da ya ci mana sauran lokaci shi ne baitocin Hausa. Mun ƙudura da Hausa za mu yi, tunda ƴan Botswana irin su ƙungiyar Overthrust ta garin Ghanzi sun nuna metal na iya zama a Afirka, kuma ga mawaƙa Bombino da Mdou Moctar sun kai gitar ƙasar nan duniya da harshensu. Amma Hausa na da wuyar sha'ani cikin gurnani. Haruffa irin ƙ da ts sai ka rufe maƙogwaro ɗif kake iya hitar da su, to kana rufewa kaɗawar nan ta yanke, in kuma ka yi gaggawar dawo da ita sai ka ji kana matsawa, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Ga kuma hawa da saukar murya da ke rarrabe kalmominmu, gurnani ba shi da wannan sosai, sai kalma ta hito ba a gane ta. Abin da muka yi yau, mun sauya wasu kalmomin da masu wasula dogaye da haruffa masu gudu irin r da z da sh, inda kuma ƙ ta zama dole muka sa ta daidai bugun ganga a farkon kalma don yankewar ta zama ado. Amshin kuma na bar shi da murya mai tsabta da ɗan kaushi kaɗan a kai, don mai saurare ya samu inda zai kama maganar. Mai gitarmu bai yarda ba, shi yana son gurnani tun daga farko har ƙarshe, mun ɗan ja, ba mu gama ba.

Da muka tashi na yi ɗan gunguni mmm a hankali na sauko da murya, na sake gwada siririyar nan ta sama, tana nan. Tuwo na ci da wuri kuma na ce a rage mini yaji, shayin dare ma na haƙura, don in ka ci ka kwanta nan take ruwan ciki mai tsami na iya tasowa har maƙogwaro ka tashi da dusasshiyar murya ba ka san dalili ba.

Na kira wan yaron bayan isha'i mun yi magana. Ya yarda zai sa mishi ido, ba ihu ba raɗa ba zama cikin hayaƙi, ga ruwa ga tururi. In mako biyu suka wuce muryar ba ta dawo daidai ba, ko ya ga jini ko numfashi ya yi mishi wuya ko yaushe ne, za mu kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a leƙa da madubi, kuɗin mu raba ni da shi. In ta dawo kuma na ce ya turo mini shi tare da abokan nan nashi duka, har mai maganar jinin, mu fara da bututu da gorar ruwa.