Abin da na koya a teburin karɓar ƙorafi

A ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a sashen kula da tituna na wata hukumar yanki a arewacin Ingila, kuma tunda 'yan uwa mazauna ƙasar nan kan tambaye ni yadda ake kai kuka idan shingen itatuwan wani ya mamaye hanyar masu tafiya a ƙasa, gara in faɗi abin da idona ya gani daga ciki.

Doka dai ba ta rage komai ba. Sashe na 154 na dokar tituna ta 1980 ya ba hukuma ikon rubuta wa mai gida cewa ya sare rassan cikin kwana 14, in ya yi kunnen ƙashi a sare masa, a kuma karɓi kuɗin aikin daga hannunsa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen mai aiwatarwa. Shugaban sashenmu ba abin da ya dame shi sai yawan ƙorafin da kwamfuta za ta nuna an rufe kafin taron ƙarshen wata, don haka daga Maris zuwa Agusta amsarsa ɗaya ce, wai tsuntsaye suna sheƙa. Alhali dokar kare namun daji ta 1981 da yake fakewa da ita ta hana lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita ne, ba ta ce a bar ƙaya tana tsone wa makaho ido ba.

Wata dattijuwa mai keken guragu ta aiko da hoton hannunta duk karce, ta ce shingen ya tilasta mata sauka kan kwalta inda manyan motoci ke wucewa, domin ta isa kantin magani. Na sa ƙorafin cikin na gaggawa, shugaban kuwa ya rufe shi ba tare da ya tura kowa ya duba ba. Da kansilan unguwar ya tayar da maganar, sai shugaban ya miƙe gaban jama'a ya ce ni ne na yi sakaci. Saƙon imel da na ajiye shi ya wanke ni, aka sare shingen a makon, amma har yau bai ce mini "yi haƙuri" ba, kuma ƙarin girman da nake sa rai ya wuce ni. Ban yi nadamar tsayawa kan maganar baiwar Allah nan ba.

Sauran darussan gajeru ne. Ku haɗa hoto da cikakken adireshi, ko ta shafin hukumar ko ta FixMyStreet, wato shafin intanet na kai rahoton matsalolin tituna, ku kuma adana lambar ƙorafin. A yankunan da hukuma ke hawa biyu, tituna na hannun babbar ce, ba ƙaramar ba. Idan aka ce an rufe ƙorafinku alhali rassan suna nan, ku rubuta wa kansilanku da wannan lambar, domin wasiƙarsa ce kaɗai na taɓa ganin ta tayar da shugaban nan daga kujerarsa.