Gyaran da na yi wa Glock 43 ɗina da abinda na gani a filin harbi

Ƙaramar bindiga ta kare kai daɗin ɗauka gareta amma akwai wuyar harbawa, duk wanda ya riƙe Glock 43 zai gaya maka haka. Tawa kenan, da lasisinta da komai, mai harsashi 9mm ce, a 2015 kamfanin ya fito da ita, magazin ɗinta, wato gidan harsashi, guda 6 yake ci, kuma da yake bata da nauyi in ka harba sai kaji ta zabura a hannunka fiye da manyan.

Saitin sama, wato abin da ake auna bara da shi, na fara cirewa don na roba ne yake zuwa da ita, na kaiwa maƙerin bindiga ya saka min na ƙarfe mai tritium, wannan sinadarin da kansa yake haske cikin duhu ba batir ba caji, sai dai duk bayan kusan shekara 12 hasken yana raguwa da rabi. Na manna wani abu mai kaushi a mariƙin saboda gumi, sannan na ƙara wa magazin gindi mai tsawo don ƙaramin yatsana ya samu wajen zama, harsashi ma ya ƙaru.

Kunamar dai ban taɓa ta ba kuma bazan taɓa ba. Nasan da yawa suna sassauta ta wai don harbi yayi laushi, amma ni a ganina bindigar da zaka ɗauka lokacin da tsoro ya kama ka hannu na rawa, nauyin nan na kusan kilo biyu da rabi da kamfani ya bar mata kariya ce gareka da wanda ke kusa da kai.

A filin harbi na saka gilashin ido da abin toshe kunne na fara daga yadi 7, daga baya na matsa 15. Sabon saitin yayi kyau sosai, ɗigon gaba yana shiga ido da sauri, mariƙin kuma wallahi shi yafi komai amfani duk da shine ƙaramin gyara, don bindigar ta daina juyawa a tafin hannu bayan kowane harbi. Na lura harsashi mai nauyin giren 147 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) yana sauka sama kaɗan da na 115, shi yasa dole ka gwada da ainihin wanda zaka riƙa zubawa a ciki, ba na atisaye kawai ba, musamman harsashi mai rami a bakinsa don ba kowace bindiga ke haɗiye shi lafiya ba.

Inda aka samu matsala shine gindin magazin ɗin nan. Harsashin ƙarshe sai ya riƙa maƙalewa, wani lokacin kuma silaid, wato ƙarfen sama da ke ja baya in an harba, yaƙi tsayawa a baya bayan magazin ya ƙare, da muka buɗe sai muka ga sifirin ɗin asali yayi gajarta, tunda gidan ya ƙara tsawo bashi da ƙarfin turo na ƙarshen da sauri. Abin ya tsaya min a rai gaskiya, don a ido komai daidai yake, ka cika ka saka ta shiga ƙas, in da ba a harba ba babu yadda za'ayi mutum ya sani. Aka canza sifirin mai tsawo na sake gwadawa har hannuna ya gaji, bata ƙara maƙalewa ba.

Duk da haka magazin ɗin kamfani nake bari a cikin bindigar, mai tsawon yana gefe a matsayin na biyu har sai ya ƙara shan gwaji. Kuben ma na duba shi bayan gyaran don sabon saitin yafi tsohon tsayi kaɗan, na tabbatar yana rufe kunamar gaba ɗaya kuma bindigar tana fita ba tare da ta sarƙe ba.