Feshin roba a wilin Corolla ta: inda aka kwana bayan sati biyu

Salam 'yan uwa masu koyon wannan harka, na ce zan dawo in faɗa muku yadda ta kaya tsakanina da wilin motar nan, to ga ni. A taƙaice wili uku sun yi kyau, ɗaya kuma sai da na ɓare shi na sake, kuma wannan ɗayan shi ya fi koya mini aiki.

Ga wanda bai sani ba, abin nan ba fenti ba ne irin na masu fentin mota da ake kankarewa da samfefa. Roba ce a narke cikin gwangwani, in ka fesa sai sinadarin da ya narkar da ita ya bi iska, robar ta zauna a jikin ƙarfen kamar fata, ranar da ka gaji da ita ka kama gefe ka ja ta fita. Wanda aka fi sani shi ne Plasti Dip, kamfaninsu yana jihar Minnesota a Amurka, kuma asalinsa ma don a tsoma mariƙin filaya da sukudireba aka yi shi, daga baya masu mota suka ɗauka. Ni baƙi na saya mara ƙyalli, gwangwani huɗu mai giram 311, bayan na sha yawo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, don wasu da ka ce fentin roba sai su miƙo maka fentin feshi na gama-gari. Ku karanta jikin gwangwanin kafin ku biya.

Asabar ta farko na fara da wilin baya na dama, kuma duk kuskuren da ake yi na yi shi a kansa. Na wanke da omo na bari ya bushe, amma ban goge da sifirit ba, ashe man ƙyallin taya da yaran wankin mota suke shafawa yana nan a gefen wilin. Sannan ban fara ba sai wajen sha biyun rana, a tsakar gida, ƙarfen ya ɗau zafi har ba ka iya daɗe da hannu a kai. Ina fesawa daga nesa wai kar ya zuba, shi kuwa yana bushewa a iska tun kafin ya sauka, da na shafa sai na ji shi kamar samfefa, ga ƙurar hunturu da ta manne a kai kamar an barbaɗa gari. Shafe biyu kawai na yi saboda ina tattalin gwangwani. Maƙwabcinmu da ya leƙo ya ce, "Malam, wannan kwalta ka shafa ko me?" Ban ce masa komai ba wallahi don gaskiya ya faɗa.

Washegari na ce bari in ɓare, a nan na gane kurena. Abin da ake cewa yana fita kamar leda, nawa ƙin fita ya yi, sai ɗan gutsure-gutsure kamar ɓawon gyaɗa, na zauna da farce fiye da awa ɗaya a lungunan wilin har Hajiya ta aiko a tambaya ko lafiya. Dalilin shi ne in shafen bai yi kauri ba robar ba ta da ƙarfin da za ta riƙe kanta in ka ja, tsinkewa take yi. Dabarar da ta fishe ni ita ce na sake fesa masa shafe uku masu jiƙa a kan na dā, na bari ya kwana, da safe ya fito kusan gaba ɗaya a ja biyu. Wato tattalin da na yi gwangwani guda ya ci mini.

Asabar ta biyu na canza komai. Na ɗaga motar da jak na kwance wilin na kwantar da su a kan kwali cikin gareji, ƙofa a buɗe saboda warin abin yana hawa kai kuma yana kama wuta, kar wanda ya yi shi kusa da janareta ko murhu, ku sa takunkumi kuma. Na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Wanki, bushewa sosai har cikin ramukan noti, sannan sifirit na kemis da tsumma mai tsabta. Tsakanin taya da bakin wilin na jera tsofaffin katin karta zagaye kamar katanga, bawul kuma na naɗe shi da salatif. Bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye na fara, da yake akwai sanyi sai na tsoma gwangwanin a ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna, ɗumi fa ba tafasasshe ba, na girgiza shi minti guda cur.

Shafen farko ɗan kaɗan, har kana hango azurfar wilin ta ciki, wannan shi ne abin da sauran za su kama. Daga na biyu sai ka matso kamar taƙi guda ka tafi a hankali har ka ga wurin ya jiƙe yana sheƙi amma bai kai ga zuba ba, kana juya wilin kowane zagaye saboda gefen ƙafafunsa, nan ne ake mantawa kuma nan ne yake fara ɗagowa. Minti 30 tsakanin shafe da shafe, na yi biyar. In ka gama zagaye ka kifa gwangwanin ka danna har iska zalla ta fito, in ba haka ba kan ya toshe ya riƙa tofa maka ɗigo. Katin kuwa ana cire shi da an gama shafen ƙarshe tun yana ɗanye, in ya bushe zai jawo robar bakin. Na bar su har washegari kafin na mayar, kuma da hannu na fara ɗaura noti sannan wil-sifana a hankali, duk da haka ya ɗan kwarzane rami ɗaya.

Yanzu sati guda ke nan ina yawo da su, Zoo Road zuwa Bata kullum, ba inda ya ɗago. Ƙurar birki tana zama a na gaba amma ruwa da sabulu suna fitar da ita. Matsala ɗaya ce, ranar Laraba na sha mai wajen 'yan bumburutu, yaron ya ɗiga fetur a wilin da ke ƙasan tanki, kafin in goge wurin ya yi laushi ya bar tabo kamar girman kwabo, fetur narkar da shi yake yi. Na kuma gargaɗi mai wankin mota kar ya kafa bakin injin ruwan nan a gefen wilin. Asabar mai zuwa zan gwada fesa wa tabon shafe biyu da ragowar gwangwanin in ga ko zai haɗe da na kusa da shi, in ya ƙi kuma sai dai a sake ɓarewa.