Talata a Tsukuba

Yau bayan 'yata Ummi ta bi yaran unguwa sun wuce makaranta na leƙa kanti cefane, kuma kamar kullum rabin lokacin a juya bayan leda ya tafi, ina duba abin da aka zuba a ciki. Wlh duk musulmin da ya sauka Japan harafin da yake fara haddacewa shi ne 豚, alade kenan, sai 酒 na giya. To amma su biyun nan kanji ne, wato haruffan da Japanawa suka aro daga rubutun Sin masu nuna ma'ana, kuma ba su isar maka. Man alade da katakana, haruffansu masu nuna sauti, za ka gan shi, ラード, haka gelatin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, tunda kalmomin aro ne kuma aikin katakana kenan, sannan ga mirin da suke sawa a miya, shi ma da giya a ciki, shi kuma yawanci da hiragana ne, ɗaya rubutun nasu na sauti, みりん. Rubutu iri uku a layi ɗaya, kowanne ka tsallake sai ka ci abin da ba ka so. Biskit ɗin da na ɗauka dai mayar da shi na yi.

Da yamma muka zauna aikin gida. Ummi tana aji 2, kanji 160 za su koya bana, bara 80 suka yi bayan sun gama hiragana 46 da katakana 46, kafin a fita firamare sai sun kai 1,026, na amfanin yau da kullum kuwa irin na jarida 2,136 ne. Yau 曜 aka ba su, harafin da ke cikin sunayen ranakun mako, zane 18 a harafi ɗaya fa, ga littafin nan nasu mai gida-gida, kowane gida an raba shi huɗu da ɗigo-ɗigo don yaro ya san inda zai ajiye kowane ɓangare, kuma ba yadda ka ga dama za ka ja ba, akwai na farko akwai na biye, malamarsu har ƙaramar lanƙwasar ƙarshen zane take bi da jan biro. Ummi ta goge ta sake har takardar ta kusa hujewa, ta ce Mama hannuna ya gaji, na ce ki huta ki sha ruwa mu ƙarasa.

Sai take nuna min 日曜日, Lahadi, harafi ɗaya ne a farko da ƙarshe amma na farkon nichi ake karanta shi, na ƙarshen bi. Abin da ke ceton yara shi ne ƙananan hiragana da ake ɗorawa a saman kanjin da ba su kai ba, furigana, kamar dai wasali a rubutun Larabci, in yaro ya ƙware sai a janye masa. Gaskiya wannan tsarin ya kwanta min a rai sosai, ba a hana yaro karatu don bai san harafi ba tukuna.

Takardar da makaranta ta aiko wa iyaye kuma babu furigana ko ɗaya, na gane ranar taron kawai, sauran sai Abbanta ya dawo mu duba tare.