Sunansu ɗaya, jininsu daban

Laraba, bayan isha'i.

Aikin safe nake yau, ƙarfe biyu ya kamata in tashi, amma sai da aka kira magariba na bar asibiti. Har wajen sha ɗaya babu wani abin tashin hankali a sashen gaggawa: yaro ya sha kananzir, wata tsohuwa jininta ya hau, sai masu zazzaɓi. Zafi kuwa ba a magana, fanka ma wuta take hurowa.

Sai ga motar jami'an kiyaye haɗurra da jiniya, a-kori-kura na biye da ita, bayanta wata Golf. Bas ce ta haya ta taso daga Zariya za ta Kano, tayar baya ta fashe mata kusa da Kwanar Dangora, ta yi ta ƙundumbala har cikin gona. Wasu sun cika tun a wurin. Sauran aka kawo mana.

Mutanenmu akwai tausayi, wannan ba a ƙwace musu ba. Kafin hukuma ta iso, manoma da masu wucewa sun riga sun ciro kowa daga cikin motar. Amma da idona na ga an shigo da wani saurayi, biyu sun kama hannu, biyu sun kama ƙafa, kansa na reto. Tun daga nesa nake ɗaga murya, “Ku tallafe masa wuya! Ku ajiye shi a hankali!” Da likita ya tsikare shi da allura a tafin ƙafa, bai ji komai ba. Wanda ya bugu a wuya ko a baya, a kan abu mai tauri ake kwantar da shi, ko ƙyauren ƙofa ne, mutum guda ya riƙe kai kada ya juya. Sannan ga masu ɗura wa mai rauni ruwan leda a baki. Mutumin da ƙila nan da awa guda za a shiga da shi tiyata, idan an sa masa maganin barci ya yi amai, abin da ke cikinsa huhu zai wuce.

Direban bai mutu ba, karaya ce a hannu da yanka a goshi. Ina wanke masa ciwon yana ta maimaitawa, “Sista, wallahi taya ce. Ƙaddara ce, Sista.” Ban ce masa komai ba, ba wurin magana ba ne. Wani jami'in kiyaye haɗurra da ke tsaye yana rubuta sunaye shi ya miƙo min wayarsa. Ya ɗauki hoton gefen tayar da ta fashe, ya nuna min wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: 1915. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato a mako na 19 na shekarar 2015 aka yi ta, ta haura shekara goma ke nan, alhali su a hukumarsu shekara huɗu suke ba taya daga ranar da aka ƙera ta. Ta gwanjo ce. Zanenta bai cinye ba, shi ya sa ido ke ganinta lafiya lau, amma robar ta bushe. A ɗora mata lodin da ya fi ƙarfinta, a sa ta gudu a kan kwaltar da ranar bazara ta gasa, me ake jira?

Wata dattijuwa da ke kujerar bayan direba, wadda Allah ya tsare da ƙujewa kawai, ta ce min, “'Yata, tun daga Tashar Yari nake ce masa ya sassauta. Wani ɗan uwansa ya wuce shi, shi kuma ya rantse sai ya kamo shi.” Kowa na son ya riga isa tasha ya shiga layin lodi. Ta ce da tayar ta yi ƙara, birki ya danna. Jami'in ya girgiza kai. Idan taya ta fashe ana cikin gudu, sitiyari ake riƙewa da hannu biyu, a ɗage ƙafa daga totur, mota ta rage gudu da kanta. Mai danna birki shi ke kifar da ita. Doka ta ce bas kada ta wuce kilomita 90 a awa a kan irin wannan titi, tun 2017 kuma ake tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, amma duk mai bin hanyar nan ya san yadda suke tafiya tun da aka gyara ta. A kanta ne, wajen gadar Ciromawa, motar 'yan wasan Kano ta faɗa a ƙarshen watan Mayun 2025 suna dawowa daga Ogun, fiye da 20 suka rasu.

Abin da ya hana ni cin abinci da daddaren nan kuwa bayan azahar ya faru, a cikin ɗakinmu.

Cikin waɗanda aka kawo akwai magidanta biyu da ke buƙatar ƙarin jini. Sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya, kuma ba su ma san juna ba. Ɗaya rukunin O ne, ɗaya B. Gadajensu na kallon juna. Ɗan uwan ɗayansu aka aika ɗakin gwaji ya karɓo leda, don ba mu da ɗan aike. Ya dawo da gudu ya miƙa wa abokiyar aikina, wadda tun jiya da dare take tsaye saboda babu mai karɓarta. Ta kira sunan, wani daga bakin gado ya amsa, ta rataye ledar, ta jona roba. Saura ta buɗe.

Wata ɗalibar jinya ce, ƙarama, wadda ko magana ba ta cika yi ba, ta ɗauki katin majinyacin tana dubawa. A hankali ta ce, “Anti, lambar katin nan ba ita ce a jikin ledar ba.”

Jinin B ne za a ɗura wa mai O.

Na taɓa ganin abin da hakan ke yi. Cikin 'yan mintuna mutum ya fara rawar sanyi, zazzaɓi ya rufe shi, ya riƙa kukan baya da ƙirji, fitsarinsa ya koma ja-ja baƙi-baƙi, jini ya sauka, ƙoda ta tsaya. Ga wanda ya riga ya zubar da jini a titi, da wuya ya tashi. Shi ya sa aka koya mana tun a makaranta: mutum biyu ke karanta ledar jini a bakin gado, suna da lambar kati da rukuni da ranar ƙarewa, sannan a tsaya a kan majinyaci minti 15 na farko. Kowa ya san wannan. Amma idan ma'aikata uku ke riƙe da ɗakin da ya cika har ƙasa, wasu abokan aikin sun tafi Saudiyya, wasu Ingila, na biyun da zai karanta ana can ana nemansa a wani gado.

Da an buɗe robar nan, me za a gaya wa iyalinsa? Cewa za a yi ya ji rauni sosai a haɗarin, kwana ya ƙare. Su karɓa da haƙuri, a yi masa sutura kafin magariba, babu mai cewa a binciki gawa. A lissafa shi cikin waɗanda titi ya kashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin goma da ke zuwa neman magani yana cutuwa a hannun masu maganin, kuma fiye da rabin wannan ana iya kauce masa. A nan wa ke ƙirgawa? Ni na yi imani da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Amma shekarar taya a rubuce take a jikinta, lambar majinyaci a rubuce take a jikin leda, kuma karanta kowannensu bai kai minti guda ba.

Shugabar ɗakinmu ba ta yi wa kowa tsawa ba, na kuma ji daɗin haka, don inda ake tozarta mai kuskure, gobe ɓoyewa zai yi. Ta sallami abokiyar aikina ta je ta kwanta. Ta sa aka yanko filasta, aka rubuta lambar katin kowa aka manna masa a tsintsiyar hannu, aka raba masu suna ɗayan, wannan a farkon ɗaki wancan a ƙarshe. Ta kuma ce daga yau ma'aikaci ne kaɗai zai karɓo jini. Saurayin mai wuya an tura shi babban asibiti a Kano a ɗauki hoton ƙashin bayansa, na bar 'yan uwansa suna ta buga waya neman kuɗi.

Da na shigo gida ban ko cire hijabi ba na karɓi wayar maigida na kunna tocila, na tsuguna a gaban motarsa. Tayoyin gaba biyun na 2023 ne. Na baya, ɗaya 2018, ɗayar kuma lambar ta juya ciki ban iya gani ba. Na ce, “Abban yara, Asabar ɗin nan ba za mu Zariya a kan tayoyin nan ba.” Ya ce taya yanzu ta yi tsada, in bari sai ƙarshen wata. Na ce to bikin ma ya jira ƙarshen watan.