Baba ya dawo gida, ga godiyarmu

Salama a gare ku 'yan'uwa. Baba ya dawo. Daren Talata aka sako shi, bayan kwana 19 a hannun 'yan bindigar da suka ɗauke shi a gonarsa ta hanyar Ribah. A bayan babur ya iso Zuru, ƙafafu a kumbure, rigar da ya fita da ita ta koma tsumma. Mama ta ɗora ruwan zafi, ta zauna tana gasa masa ƙafa tana ciro ƙaya da allura, ba ta ce uffan ba har ta gama.

Bakinmu ya yi kaɗan wajen godiya. Baba Fasto da dattawan ikilisiya, ko dare ɗaya ba ku bar mu mun kwana mu kaɗai ba. Iyayenmu na zumuntar mata, kun yi azumi, kun kuma riƙa aiko da tuwo lokacin da murhun gidanmu ya mutu. Matasa sun girbe mana dawa kafin ta zube. Maƙwabtanmu Musulmi sun sa Baba a addu'a a masallacin unguwa, wani Alhaji ma ya sayi tumakinmu sama da kuɗin kasuwa, ya ce kada a yi ciniki. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar muku da ninkinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, a kwanakin nan na kasa karanta Zabura 23. Tun ina makarantar Lahadi na haddace ta, amma da na fara "Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba" sai maƙogwarona ya toshe. Ina makiyayin yake, ga tunkiya a bakin kura? A dare na takwas Baba Fasto ya buɗe Ezekiyel sura 34, inda Allah ya yi fushi da makiyayan Isra'ila masu kiwon cikinsu, waɗanda suka bar garke ya watse ya zama abincin namun jeji. Ban taɓa sanin akwai zafi irin wannan a Littafi Mai Tsarki ba, kuma ba sai na faɗi su wa na tuna ba. A surar nan ne Allah ya ce shi da kansa zai nemo ɓatacciya, ya ɗaure wa mai karaya. Wannan ayar na riƙe har ƙarshe.

Shi kuwa Baba, Zaburar da na kasa ita yake maimaitawa a dajin. Ya ce aya ta huɗu ya fi tsayawa a kai, wadda ta yi maganar tafiya cikin kwari mai duhun mutuwa. Wai Dawuda da ya yi kiwo a Baitalami, har ya ƙwaci ɗan rago a bakin zaki, ya san ba kullum ake kwana a ɗanyar ciyawa ba, shi ya sa ya ambaci sanda da kere.

Da gari ya waye Laraba, duk da faɗan Mama, Baba ya dogara sanda ya nufi garke. Tumaki huɗu suka rage mana. Akwai wata tsohuwar tunkiya mai baƙin kunne da ta ba mu wahala, ko dusa muka kai mata sai ta ja da baya. Baba ya yi ɗan kiran nan nasa da harshe, muryar ma a dushe, sai ga ta tana fizgar igiya tana kuka. Ƙanena ya ce, Yaya, ai wannan Yahaya sura 10 ce, tumaki sun san muryar mai su, baƙo kuwa gudunsa suke yi. A nan ne na yi kukan da na danne kwana 19.

Za a yi sujadar godiya ranar Lahadi da ƙarfe 9 na safe, muna gayyatar kowa. Masu zuwa gaisuwa ku yi haƙuri, likita ya ce Baba ya huta. Baba ya roƙa a ci gaba da azumin Juma'a, don ya baro mutum biyu ɗaure a wurin, ɗayan yaro ne da ya riƙa ɗebo masa ruwa.