Aikin da rana ke yi wa ruwan tafki bayan damina

Idan ambaliya ta janye daga fadamun Haɗeja wajen watan Oktoba, ruwan da ya kwanta a tafkuna yakan yi launin shayi. Wannan ba laka ba ce. Ruɓaɓɓen kachala ne da karan shinkafa da kashin shanu suka narke a ciki, ko an tace da ƙyalle launin yana nan.

Hasken rana ne ke cinye shi, musamman ɓangaren da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Ƙwayoyin wannan narkakken ruɓa manya ne, bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, ba sa iya cin su cikin sauƙi. Da sun sha haske sai su tsittsinke: wani kaso ya zama iskar kabon ya tashi, wani ya koma ƙananan sinadarai da amoniya, abincin bakteriya da gansakuka. In akwai narkakken ƙarfe a ruwan, aikin ya fi sauri.

Sai dai hasken ba ya nutso da nisa. A ruwa mai duhun launi, yawancin UV yana ƙarewa a 'yan santimitocin sama, na ƙasa kuwa sai iska ta juyo shi kafin ya samu rabonsa. Shi ya sa kududdufin da kainuwa ta rufe, ko wanda shanu ke damawa kullum, yake daɗewa da duhu da wari. Hazon hunturu ma yana rage ƙarfin hasken.

Ga gwaji. Ka bar ruwan tafki ya kwana a bokiti laka ta kwanta, ka tace, ka cika gorunan roba biyu masu garau. Naɗe ɗaya da baƙar leda, ka kwantar da duka biyun kan rufin kwano kwana 7, sannan ka jera su gaban farar takarda. Wadda ta sha rana za ta fi haske. 

Masu kiwon tarwaɗa da karfasa su lura: bakteriyar da ta samu abincin da hasken rana ya tsittsinke mata tana shanye iskar oksijin, da dare kuma gansakuka ba ta samar da sabuwa. Kifi ya taso yana haki da asuba, alamar ke nan. A rage abincin kifi, a sauya wani kaso na ruwan.

Kuma ruwa ya washe ba yana nufin ya shawu ba. Ruwan sha a tafasa shi.